Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Tsara Manhajar Karatu: A Koya wa Yara Ceton Rai da Hannuwansu

Zuwa ga masu tsara manhajar karatu, da hukumomin shirya jarrabawa, da shugabannin makarantun firamare da sakandare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da jinjina kan nauyin tarbiyyar 'ya'yan jama'a da ke wuyanku, ranku ya daɗe, na rubuto wannan wasiƙa da yawun abokan aikina masu koyar da taimakon farko, da ma'aikatan jinya na sashen gaggawa, da 'yan kwana-kwana, da masu ceto a ruwa. Mu ake kira bayan abu ya faru, kuma mu ke tarar da abin da aka yi wa mutum, ko aka kasa yi masa, kafin isowarmu.

Dalilin wasiƙar shi ne, ana ta sake duba manhaja, a ƙara wannan darasi a rage wancan, amma dabarun da mutum ke ceton kansa da na kusa da shi suna nan a gefe. Ko a taƙaita su a shafi biyu na littafin kiwon lafiya, ko a bar wa ƙungiyar sa-kai ta 'yan ɗalibai kaɗan, ko a yi shiru da su gaba ɗaya. Sai yaro ya gama sakandare ya iya zana zuciya da ɗakunanta huɗu, ya sa wa kowanne suna, amma ranar da mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a gabansa, ba abin da hannunsa ya sani sai girgiza shi da kiran sunansa.

Hujjarmu ta farko ita ce agogo. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, domin jinin da ke kai mata iskar oksijin ya daina zagayawa. Idan babbar jijiyar jini ta cinya ta yanke, minti biyar sun isa mutum ya ƙare. Ko a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki, da wuya motar asibiti ta iso cikin wannan ɗan lokaci. Mintunan farko a hannun wanda ke tsaye a wurin suke, ko ya iya ko bai iya ba. A girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Kobe na Japan a 1995, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gine-gine iyalansu da maƙwabtansu ne suka tono su.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, shi ne ba a koya wa yara farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Bari mu shimfiɗa muku aikin don ku ga ba abu ne da ya fi ƙarfin ɗan shekara 12 ba. Mutum ya faɗi. A dafa kafaɗarsa a kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba, a ɗaga haɓarsa a dubi ƙirjinsa, kada duban ya wuce daƙiƙa goma. Ko dai ba ya numfashi, ko kuma yana jan wani irin numfashi ɗai-ɗai mai kama da minshari. Wannan jan shi ke yaudarar jama'a, sai ka ji ana cewa ai yana numfashi, a matsa a ba shi iska, a yi ta masa fifita ana yayyafa masa ruwa, alhali alama ce ta cewa zuciya ta riga ta tsaya. Sai a nuna mutum ɗaya da yatsa a ce kai, kira motar asibiti, domin idan aka ce "a kira" kawai, kowa zai zaci wani ya kira. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, saboda katifa tana shanye dannawa. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisansa, gwiwoyin hannu a miƙe, a danna da nauyin jiki har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa don zuciya ta sake cika da jini. Bayan dannawa 30, a toshe masa hanci a hura masa iska sau biyu ta baki, a koma danna. Wanda ba zai iya hurawa ba ya ci gaba da dannawa kawai, hakan ma yana ceto. Ga jariri, a zagaye ƙirjin da hannu biyu a danna da manyan yatsu, zurfin kimanin santimita 4.

Inda ake kuskure shi ne tausayi. Mutum yana tsoron karya haƙarƙari, sai ya riƙa danna sama-sama, jini kuwa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa. Haƙarƙari na iya karyewa, kuma yana warkewa. Sannan akwai gajiya: bayan minti biyu ƙarfin mai dannawa yana raguwa ba tare da shi kansa ya lura ba, shi ya sa ake karɓar juna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake iya koya a kan allo. Zurfin santimita 5 sai hannu ya ji shi a jikin mutum-mutumin roba, ya maimaita har ya zauna.

Haka batun maƙalewar abu a maƙogwaro. Muddin mutum yana iya tari, a ƙyale shi ya yi tarin. Idan murya ta ɗauke, ya riƙe wuya, a sunkuyar da shi gaba a buga masa tafin hannu sau biyar tsakanin kafaɗu. Idan bai fito ba, a tsaya a bayansa, a dunƙule hannu a ɗan saman cibiya, a fizgo ciki da sama sau biyar. Jaririn da bai kai shekara ba, ba a matsa masa ciki: a kifa shi a kan hannu kansa ya ɗan yi ƙasa, a buga baya sau biyar, a juyo shi a danna ƙirji sau biyar. Kada a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro, tura abin ciki yake ƙara yi.

Kuka na biyu shi ne jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato 'ya'yan da ke hannunku da waɗanda suka bar hannunku kwanan nan. Babban mutum yana da jini kusan lita biyar. Tsayar da shi aikin hannu ne: a ɗora tsumma mai tsabta a kan raunin a danna da ƙarfi, ba ɗagawa ana leƙe. Duk lokacin da aka ɗaga, gudan jinin da ya fara toshe jijiyar yana ɓarewa, a koma farko. Idan tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Idan ƙarfe ko gilashi ya nutse a jiki kada a zare, shi ke toshe ramin, a danna gefe da gefensa. Idan kuma jinin hannu ko ƙafa yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, sai a yi ɗauri santimita 5 zuwa 7 a saman raunin, ba a kan gaɓa ba, da ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a ɗaure sandar, a rubuta lokacin da aka yi ɗaurin. Waya ko siririyar igiya yanka nama take yi. Ɗauri mai sako-sako kuwa ya fi rashinsa illa, domin yana tare jinin da ke komawa zuciya ya bar mai fitowa, zubar ta ƙaru. Kuma da zarar an ɗaure ba mai kwancewa sai ma'aikacin asibiti.

Kuka na uku ya fi yi mana ciwo, domin a nan mutane ba tsayawa suke yi ba, taimako suke kawowa da zuciya ɗaya, amma garin neman gira a rasa ido. Yaro ya ƙone da tafasasshen ruwa, sai a shafa masa man goge baki ko mai, ko a ɗora ƙanƙara. Mai yana riƙe zafi a cikin fata, ƙuna ta ci gaba da cin nama, ƙanƙara kuma tana ƙara kashe fatar da ta rage. Abin da ake buƙata ruwa ne mai sanyi yana zuba a wurin har minti 20 cur, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada a ɓare tufar da ta manne, kada a fasa bororo, a rufe da leda mai tsabta sako-sako. Mai farfaɗiya ya faɗi, sai a danne shi a cusa masa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe. Ba wanda ke haɗiye harshensa, haƙora kawai ake karya masa. A kawar da abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, idan ta wuce minti biyar a nufi asibiti. Yaro ya sha kananzir ko fetur, sai a sa shi amai, man ya bi hanyar iska ya shiga huhu, nan ne kuma yake kisa. Maciji ya sari mutum, sai a tsaga wurin, a tsotsa, a ɗaure ƙafar tamau har ta mutu. Sarar maciji tana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a shekara a duniya, kuma abin da ke hannun na kusa shi ne ya kwantar wa wanda aka sara hankali, ya cire masa duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, ya ɗaure gaɓar a jikin katako don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka, a kai shi inda ake da allurar kashe dafi. Duk waɗannan kurakurai gado ake yin su daga baki zuwa baki, kuma in ba aji ba, ba mu ga inda za a katse su ba.

Kuka na huɗu shi ne ruwan sha, kuma muna roƙon ku ɗan yi haƙuri da mu a nan. Bayan ambaliya, ko yaƙi, ko duk abin da ya raba mutane da gidajensu, sau da yawa gudawa ce ke biyo baya ta kwashi yara. Abin da ke kisa a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuma yana cikin kowane gida. Idan babu fakitin ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari cokalin shayi shida shafaffu, ba masu tozo ba, da gishiri rabin cokalin shayi, a motsa. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Gwajin nan ba wasa ba ne: gishiri ya yi yawa yana iya sa yaro jijjiga, sukari ya yi yawa yana janyo ruwa cikin hanji gudawar ta ƙaru. A riƙa ba yaro cokali-cokali. Idan ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba. Idan ido ya faɗa, fata ta ƙi komawa bayan an mintsine ta, yaro ya kasa sha ko ya galabaita, wannan ya wuce gida.

Hikimar haɗin ita ce, hanji yana shan gishiri tare da sukari ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi gishirin ya shiga jiki, kuma ƙofar nan tana ci gaba da aiki ko a cikin kwalara. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa wannan ruwa a manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Ku lura da waɗanda suka ba da maganin, ranku ya daɗe: mutanen da aka nuna musu yadda ake yi ne kawai.

Tsabtace ruwan kansa ma darasi ne na awa ɗaya. Idan ya yi gurɓi a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku a wurare masu tudu da suka wuce mita 2,000. Idan babu makamashi, ruwan bilic marar turare mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ya isa: ɗigo biyu a lita ɗaya, ɗigo huɗu idan ruwan bai washe sosai ba, a jira minti 30, a ji ɗan warin kulorin. Idan shi ma babu, a cika gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita biyu ba, a kwantar da ita a rana awa shida, kwana biyu idan akwai hadari. Daga nan kuma sai ajiya, inda yawanci aikin ke lalacewa: a tafasa ruwa a zuba a bokiti mai buɗaɗɗen baki, kowa ya zo ya tsoma kofi da hannunsa. Mazubi mai ƙaramin baki da murfi ake so, a riƙa tsiyayowa. A ajiye wa kowane mutum aƙalla lita huɗu a rana, na kwana uku.

Kuka na biyar wuta ce da hayaƙi. Ga tukunyar mai ta kama da wuta a kan murhu, wutar ba ta fi faɗin bakin tukunyar ba, sai wani ya rugo da kofin ruwa ya watsa. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa, ya tarar da zafin da ya ninka na tafasarsa, nan take ya zama tururi. Lita ɗaya ta ruwa tana zama tururi kusan lita 1,700. Tururin ya yi sama da man yana ci, cikin ƙiftawar ido wuta ta kai rufi, ta kama fuska da hannun mai watsawa. Da an kashe murhun an zura murfi a kan tukunyar an bar shi har ta huce, da magana ta ƙare. Tukunyar kashe gobara tana rataye a makarantu da yawa, amma a tambayi ɗalibai, har da malamai, wa ya taɓa zare mata fil? A zare fil, a tsaya kamar mita biyu ƙofar fita tana bayanka, a saita gindin wutar, a matse, a riƙa kai hannu dama da hagu. Ƙaramar tukunya tana ƙarewa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, don haka wanda ya saita harshen wuta ya yi asararta. A gobarar cikin gini hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, shi ya sa ake fita da rarrafe, a taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, a rufe ta bayan an fita, kuma ba mai komawa ɗauko kaya. Wanda tufarsa ta kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya rufe fuska ya yi ta birgima.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa. Idan aka ji warinsa a rufe kan silinda, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, domin ɗan tartsatsin ciki ya isa. Ana gane inda yake yoyo da kumfar sabulu a jikin tiyo da mahaɗa, ba da ashana ba. Janareta kuma da gawayi suna fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji ko ɗaya. Dokar gajeriya ce: janareta a waje, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da gida. Kada a jona shi kai tsaye a soket ɗin bango ba tare da na'urar sauya layi ba, domin wutar tana komawa kan babban layi ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Wanda lantarki ya riƙe ba a taɓa shi, a kashe babban makunni, ko a ture shi da busasshen katako.

Kukan ambaliya ba shi da tsawo. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Nutsewa ta kashe mutum kimanin 300,000 a duniya a 2021, kuma mai nutsewa ba ya iya ihu, shiru yake tafiya. Wanda bai koyi ceto ba, idan ya faɗa ruwa, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa sanda, ko a jefa igiya ko jarka rufaffiya marar komai a ciki. Idan an fito da shi ba ya numfashi a fara da hura masa iska, a bar matsa ciki don fitar da ruwa.

Sai ƙananan abubuwa na dogaro da kai da kowane gida ke buƙata: sanin inda ake kashe wuta da ruwa na gida gaba ɗaya, haddace lambar waya biyu ko uku domin wayar hannu tana mutuwa ko ta ɓata, sanin cewa saƙon tes yakan wuce a lokacin da kira ya ƙi shiga, ajiye takardu masu muhimmanci cikin leda a wuri ɗaya tare da tocila da rediyo mai batir da maganin mako guda ga mai ciwon suga ko hawan jini, da wurin haɗuwa idan iyali suka rabu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wataƙila a ce yara sun yi ƙanƙanta da wannan. An gwada an gani. Danmak ta wajabta koyar da farfaɗo da zuciya a makarantun firamare a 2005, ta sa shi cikin sharuɗɗan lasisin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010, yawan waɗanda na kusa da su suka danna musu ƙirji kafin motar asibiti ta iso ya tashi daga kashi 21 zuwa kusan kashi 45 cikin 100, waɗanda suka rayu har kwana 30 kuma daga kashi 3.5 zuwa 10.8. Ranar 26 ga Disamba 2004, Tilly Smith, 'yar Ingila mai shekara 10, tana bakin teku a Phuket ta Tailan, ta ga ruwa yana kumfa yana abin da ba a saba gani ba, ta tuna darasin tsunami, wato babbar igiyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa, da aka yi musu a aji mako biyu kafin nan, ta matsa wa iyayenta har aka kwashe mutum kusan ɗari daga wurin. A 2011, a garin Kamaishi na Japan, inda aka shafe shekaru ana yi wa ɗalibai atisayen gudu zuwa tudu, kusan dukkan 'yan firamare da ƙaramar sakandare, su kimanin 3,000, sun tsira daga tsunami, manya na riƙe da hannun ƙanana.

Saboda haka ga buƙatunmu.

A sa waɗannan dabaru a jadawalin karatu da lokacinsu na kansu. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koya wa yara farfaɗo da zuciya awa biyu a kowace shekara daga shekara 12. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Muna neman darasi ɗaya duk mako biyu, a jere shi gwargwadon shekaru: 'yan firamare su koyi kiran agaji, fita daga hayaƙi, sanyaya ƙuna da haɗa ruwan gishiri da sukari, 'yan sakandare su ɗora da danna ƙirji, tsayar da jini, kashe ƙaramar wuta da tsabtace ruwa.

A yi jarrabawarsa a aikace, kuma makinsa ya shiga sakamako. Mun san makaranta, abin da ba a jarrabawa a kansa shi ake fara yarwa idan zango ya ƙure. Ɗalibi ya durƙusa ya danna ƙirjin mutum-mutumi na minti biyu malami yana ƙirgawa, ya auna sukari da gishiri a gaban mai jarrabawa, ya ɗaura ƙyalle a hannun abokinsa.

A fara da malamai, tun daga kwalejojin horar da su, kuma a riƙa sabunta musu duk shekara, domin hannu yana mantuwa cikin 'yan watanni idan ba ya maimaitawa. A tanadar wa kowace makaranta mutum-mutumin koyo da zai ishi aji a raba shi rukuni-rukuni, da akwatin taimakon farko mai bandeji da safar hannu da fakitin ruwan gishiri da sukari, a naɗa wanda zai riƙa duba shi, da tukunyar kashe gobara da allurar ma'auninta ke kan kore, alamar a cike take.

A wajabta atisayen ficewa sau ɗaya kowane zango, har da na dare a makarantun kwana, a riƙe agogo, a kira suna a wurin taruwa. A hana kulle ɗakin kwanan ɗalibai ta waje, a tabbatar kowane ɗaki yana da mafita biyu, kuma tagogi masu ƙarfe akwai wadda ake iya buɗewa daga ciki.

A ba likitocin gaggawa littattafan da ake koyarwa da su yanzu su bi su shafi-shafi. Duk inda aka ce mai haɓo ya ɗaga kai sama, a gyara: sunkuyawa gaba ake yi a matse taushin hanci minti 10 zuwa 15. Duk inda aka ce a ɗaure saran maciji tamau ko a sa wanda ya sha guba amai, a cire shi kafin bugu na gaba.

A riƙa ba da aikin gida da zai kai darasin ga iyaye: yaro ya nemo babban makunnin wutar gidansu, ya zana hanyoyin fita biyu, ya auna tazarar janareta daga taga da takunsa, ya koya wa mutum biyu a gida danna ƙirji a kan matashi, su sa masa hannu a takarda.

Mu a namu ɓangaren a shirye muke mu zauna da kwamitin manhaja mu rubuta darussan tare, mu kuma horar da rukunin farko na malamai. Muna roƙon ku sanar da jama'a a fili zangon da za a fara, da ofishin da za mu tuntuɓa.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Mai koyar da taimakon farko, a madadin abokan aiki.